Geron da Muka Tarar a Jaipur

Aikin idon Baffa ne ya kai mu Indiya. Mun bar Misau da asuba, muka bi ta Azare da Jama'are da Wudil har Kano, jirgi ya kai mu Addis Ababa, daga can sai Delhi. Da aka cire masa bandeji, likita ya ce ya huta kafin a sake duba shi. Wani ɗalibi ɗan Azare da ke yi mana tafinta ya ce kada mu ƙare hutun a ɗaki, mu je Jaipur, babban birnin jihar Rajasthan, wanda Sarki Sawai Jai Singh na biyu ya kafa a 1727.

Tun a jirgin ƙasa Baffa ya liƙe da taga. Gonaki ne shimfiɗe, ga itatuwan ƙaya, ga raƙuma na jan amalanke. Ya ce, "Ɗana, in ba don rawunan nan masu launi ba, da na rantse ƙasar Katagum muke ratsawa."

Bayan magariba muka nufi Chokhi Dhani, a kan hanyar Tonk, kudu da birnin. Ƙauye ne da 'yan kasuwa suka gina domin baƙi: ɗakunan laka masu zanen farar ƙasa, fitilun ƙwai rataye, makaɗa a bakin ƙofa. Wata mata ta miƙo yatsa za ta ɗiga mana jan abu a goshi. Muka dafa ƙirji muka ce mu Musulmi ne, ta yi murmushi ta ba mu hanya.

A ciki kowane lungu da nasa wasa. Can mai 'yar tsana yana kaɗa zare, nan maginin tukwane yana juya laka, gaba kaɗan wata tana rawa da tukwane jere a kanta. Mun fi daɗewa wurin matan Kalbeliya, zuriyar masu wasa da macizai, waɗanda UNESCO ta sa rawarsu cikin al'adun gado na duniya a 2010. Baffa, wanda ya tashi da kallon finafinan Indiya, ya ce wannan Indiyar ba ita ya sani ba. Tafintanmu ya ce ai kowace jiha da harshenta da tukunyarta.

A zauren cin abinci muka tuɓe takalma muka zauna a ƙasa. Faranti na ganye ne da aka ɗinke, kofi kuma na ƙasa. Babu nama ko ƙyas, don haka hankalinmu ya kwanta game da yanka. Aka fara da bati, curin alkama da aka gasa, mai rabo ya murƙushe shi da hannu ya kwarara man shanu da miyar dal. Sai curma mai zaƙi, sai ker sangri, busassun 'ya'yan itatuwan hamada da aka dafa da yaji. Ka ce ka ƙoshi, su ƙara maka. Ka rufe faranti da hannu, su zuba ta gefe suna dariya.

Daga nan aka kawo wata gurasa mai kauri, toka-toka, da man shanu da gutsuren mazarƙwaila a kanta. Baffa ya gutsura, ya shinshina, ya tauna a hankali. Ya dube ni ya ce, "Wallahi gero ne." Aka biyo da rab, garin gero da aka dafa da tsala. Ya shanye ya miƙa kofi.

Gero ɗin kuwa namu ne tun asali. Masu binciken kayan tarihi sun gano shaidar nomansa a kwarin Tilemsi da ke arewacin Mali kimanin shekara 4,500 da suka wuce, daga baya ya ƙetara zuwa Indiya. Yau Rajasthan ce ta fi kowace jiha a ƙasar noma shi, kuma Indiya ce ta gabatar da ƙudurin da ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa.

Abin ya tsaya mini a rai. A Misau, in baƙo mai daraja ya sauka, shinkafa da taliya da lemon kwalba muke gabatar masa. Burabusko da dambu da fura sai mu bar su cikin gida, kamar abin kunya. A nan kuwa attajiran Delhi da Turawa suna biyan kuɗi su zauna a ƙasa su ci abincin manomi. Ƙauyen na kasuwanci ne, babu fari ko wahalar ruwa a cikinsa, amma makaɗi da magini da mai raƙumi duk suna komawa gida da na cefane.

Muna da masu kalangu da maƙera da majema, muna da 'yan kokawa da dawakin hawan sallah, muna da matan da hannunsu ya san dakan fura. Babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri kuma ta Azare ta ratsa, dare da rana ba ta rabuwa da matafiya. Ina fatan wani daga cikinmu ya kewaye fili a bakinta, ya tara waɗannan mutane, ya ciyar da baƙo abin da gonarmu ta ba mu, kuma ya sa masa farashin da ya cancanta.