Baƙin mai ko samfefa



Motar ikkilisiyarmu ta sha ranar Maigatari da ƙurar hanyar Gumel. Baƙar robar da ke tsaye tsakanin ƙofar gaba da ta baya ta koɗe, ga kuma karce. Ana gobe taron matasa muka goga mata baƙin mai. Ta yi sheƙi kuwa, har muka yaba wa kanmu. Kafin kasuwar Alhamis ta zagayo, ƙura ta manne wa man, wurin ya fi da muni.

Mai fenti dariya ya yi mana. Ya wanke robar da sabulu, ya rufe gilashi da jarida, ya bi karcen da samfefa mai laushi har ya baje, sannan ya fesa fenti sau uku, yana jiran kowanne ya bushe.

Muna tsaye muna kallo, sai muka tuna da ɗan'uwan da muka ɓata wa rai a kwamiti. Kowace Lahadi muna gaisawa da murmushi, amma ba mu taɓa ce masa “ka gafarta mana” ba. Da dare muka buɗe Matiyu 5:23-24. Gobe da safe za mu gidansa, gabanmu kuwa sai faɗuwa yake yi.