Yadda Muka Tashi Tsohuwa Daga Barcin Shekara Huɗu

Tun da aka dawo hutu ake tsare mu da tambaya a kan baƙin da ya ƙi fita daga ƙarƙashin farcenmu. Wasu har sun ƙarasa labarin da kansu, wai gareji aka kai mu koyon sana'a. Shi ya sa muka ga gara mu ba da amsa sau ɗaya a jikin allon nan kowa ya huta. Mu uku ne 'yan gida ɗaya, biyu maza a SS 2, ƙaramarmu a JSS 3, labarin kuma na wata mota ce da muke kira Tsohuwa.

Tsohuwa dai Toyota Land Cruiser ce, samfurin da ake kira 80, wanda aka yi ta ƙerawa a Japan daga 1990 zuwa 1997. Tamu ta 1994 ce, ta girme mu duka nesa ba kusa ba. Injinta na dizal ne mai suna 1HZ, silinda shida, lita 4.2. Kakanmu ne ya saye ta a gwanjo, bayan rasuwarsa kuma ta shekara huɗu a gindin darbejiyar gidanmu lulluɓe da tamfol. Kaji suka mai da ita akurki, ɓeraye suka yi wa wayoyinta kaca-kaca. Sau uku masu sayen tsohon ƙarfe suna zuwa tayi, Baba yana cewa su bari ya yi shawara.

Abin da ya yanke shawarar ya faru ne a daminar bara. Ƙauyenmu yana gaba da Tudun Wada, wajen Doguwa. In ka sauka daga kwalta sai ka yi kilomita 12 cikin jar ƙasa da taɓo, ga kuma rafi a tsakani wanda ba shi da gada. Naƙuda ta kama matar ƙanen Baba cikin dare, ba motar da ta yarda ta shiga. A amalanken shanu aka fito da ita, awa huɗu kafin a kai bakin titi. Ita Allah ya yi mata sauran kwana, jaririn bai zo da rai ba. Ranar da muka dawo daga gaisuwa Baba bai ce komai ba, ya dai je ya yaye tamfol ɗin ya daɗe yana kallon motar.

Baba ba makaniki ba ne. Kawunmu ne mai gyaran tarakta, shi ya yarda zai riƙa zuwa kowace Asabar, da sharaɗin mu ne yaran aiki. Kuɗin da aka ware shi ne na buhun masara 12, babu ƙari. Mu kuwa tuni mun zana motar da muke so a bayan littafin lissafi: manyan tayoyi masu faɗi, jerin fitilu a kan rufi, katon ƙarfe a gaba da sabon fenti baƙi. Kawu ya karɓi takardar, ya duba tsaf, ya ninke ta ya sa a aljihu. Ya ce, “'Ya'yan nan, motar da ba ta iya tsayawa ba, wa ya aike ta gudu? Ku ɗauko tsintsiya.”

Kafin mu taɓa ko noti ɗaya sai da ya kafa mana doka: ba mai shiga ƙarƙashin mota alhali jak kaɗai ke riƙe da ita. Nauyin Tsohuwa ya haura tan 2, jak kuwa yana iya zamewa ko ya sauke kansa. Kullum sai an tokare shasi da kututturan icce, an sa wa tayoyi waigi. Ranar da babbanmu ya yi gaggawa ya karya dokar, wanke sifana kawai aka bar shi ya yi har yamma.

A hutun watan Afrilu muka fara da inji. Muka zubar da tsohon dizal, wanda muka tarar da ruwa kwance a ƙasansa, muka canza baƙin mai da filtoci, muka ɗaure wayoyin da ɓeraye suka ci. Kawu bai yarda a murza makulli ba sai da ya juya injin da sifana ya tabbatar bai daskare ba. Sannan ya sa aka canza bel ɗin taimin, wanda ka'idarsa kilomita 100,000 ce, kuma ba wanda ya san yaushe rabon a taɓa shi. In ya tsinke inji na gudu, fistin zai daki bawul, asarar ta ninka kuɗin bel ɗin sau da yawa. Da muka gama danna ɗan famfon da ke kan filtar mai muka kori iskar da ke ciki, Tsohuwa ta yi tari sau uku, ta tofar da baƙin hayaƙi, ta tashi. Ihun da muka yi sai da ya fito da maƙwabta.

A nan ne darasin fiziks ya bar allo ya zo hannunmu. Injin dizal ba shi da filogin da ke ba da tartsatsi irin na fetur. Iska yake matsewa fiye da sau 20 har ta yi zafin da mai zai kama da kansa. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. Saboda haka in injin ya zuƙi ruwa yana tsakiyar rafi, fistin zai yi karo da abin da ba ya ja da baya, sandar da ke riƙe da shi ta lanƙwashe. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Daga inji sai lagireto, wanda muka kai aka wanke har laka ta daina fita, muka canza tiyo-tiyon da suka tsattsage. Sai birki, inda muka fi daɗewa. Man birki yana tsotsar damshi daga iska, shi ya sa wanda ya shekara huɗu a zaune ba abin dogaro ba ne. Aikin fitar da iska na mutum biyu ne: ƙaramarmu a kujerar direba, mu a ƙasa da sifana da kwalba. Kawu na kira, “Taka! Riƙe! Saki!” tana bi, daga tayar da ta fi nisa da tukunyar birki har zuwa ta kusa. Washegari ɗingishi ta riƙa yi, amma har yau in aka taka birki ya kama sai ta ce nata ne.

Watan Mayu gaba ɗaya a aksil na gaba ya ƙare. Robobin da ke raba giris da man aksil sun mutu, su biyun sun haɗu sun zama wani baƙin kunu mai wari da ke tsiyaya a bayan taya. Sau biyu muna zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa neman robobi da boris. Wannan kunun ne ya shiga farcenmu, ga masu tambaya. A lokacin har mun fara gunaguni, domin fiye da rabin kuɗin ya tafi, amma in ka kalli motar daga waje ba abin da ya canza. Abokanmu na unguwa suka riƙa tsokana, wai wata biyu muna yi wa gawa wanka.

Sai a watan Yuni aka zo kan gyaran shiga daji, shi ma ba yadda muka zana ba. Sifirin ɗinta huɗu sun kwanta, aka sa waɗanda suka ɗaga ta kamar santimita 5, da sababbin shokazoba. Muka roƙa a ƙara tsayi. Kawu ya sa muka durƙusa ya nuna mana kumburin da ke tsakiyar aksil, wanda muke kira tukunya. Ko an ɗaga jikin mota ya kai rufin ɗaki, tukunyar tana nan inda take, girman taya kaɗai ke ɗaga ta. Abin da tsayin banza ke ƙarawa shi ne saurin kifewa a kwana ko a gefen tudu.

Tayoyi ma ba masu faɗin aka saya ba, masu zurfin zane aka nema. A nan muka koyi karanta shekarun taya. A gefenta akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Wadda aka so a sayar mana tana ɗauke da 2314, wato mako na 23 na 2014. An shafe ta da mai tana sheƙi, amma ta tsufa. Muka bar ta a nan.

Abu guda cikin zanenmu da ya tsira shi ne bututun shaƙar iska da ke hawa gefen gilashi har rufi, wanda muka raɗa wa hancin giwa, maganin matsalar da muka ce ku riƙe. Da aka gama ɗaurawa Kawu ya toshe bakinsa da katako inji na aiki. Injin bai mutu ba, alamar yana satar iska ta wata kafa, inda iska ta bi kuwa ruwa zai bi. Sai da muka kwance muka sake liƙewa sau biyu kafin ya shaƙe ya mutu. Aiki mafi araha shi ne na numfashin aksil. Kowane aksil yana da ɗan hanci a samansa. In ya yi zafi ya faɗa ruwan sanyi, iskar cikinsa takan tsuke ya zuƙo ruwa. Muka jona masa siririn tiyo muka kai shi sama. Aka ƙara farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji da ƙugiyoyin ja a jikin shasi, aka sa shebur, igiya, famfon taya da katakai biyu a baya. Kuɗi ya ƙare. Fitilu da fenti suka zauna a aljihun Kawu.

Gwajin farko kunya muka sha. A wani yashi bayan gari, Baba ya ja ƙaramar giya zuwa L4, tayoyin baya suka yi ta haƙa rami, na gaba ko motsi. Rabin awa muna tono da shebur, Kawu na zaune a inuwa yana cin gyaɗa. Da ya ga mun jigata sai ya taso ya murɗa wani ɗan maɓalli a cibiyar kowace tayar gaba daga FREE zuwa LOCK. Mu aka ba aikin kulle su, muka manta. Muka rage iskar tayoyi domin su shimfiɗu, mota ta fito kamar ba ita ba. Ya kuma gargaɗe mu da a kwance su in an hau kwalta, don jan taya huɗu a busasshen titi yana cin giyar irin wannan mota.

Ranar da aka yi duk wannan dominta ta zo a tsakiyar Agusta. Aka bugo waya da asuba cewa Kaka, mahaifiyar Baba, ta kwana biyu da zazzaɓi ba ta iya riƙe ko ruwa. Muka isa bakin rafi wajen ƙarfe goma, muka tarar ya cika yana gudu, ja wur, saboda ruwan da aka kwana ana yi. Baba ya naɗe wando ya shiga da sanda. Taku biyar ruwan ya wuce gwiwarsa yana neman kwashe masa ƙafa. Ya dawo ya kafa tsinke a bakin ruwa, ya kashe mota.

Ba za mu ɓoye ba, ranmu ya ɓaci. Muka ce, “Baba, to amfanin hancin giwar fa? Kaka tana can!” Ya ce, “Shi inji yake karewa. Ruwan da ya hana ni tsayuwa ba zai bar mota ta tsaya ba. In muka tafi da ruwa, wa zai ɗauko Inna?” Awa uku muka zauna muna kallon tsinken nan, ba mai magana. Ba mu taɓa ganin lokaci mai nauyi irin wannan ba, Baba kansa ya kasa zama, sai kai da komo yake.

Bayan azahar ruwa ya janye daga tsinken da kusan taku biyu. Baba ya sake takawa har ƙetare, ya gane inda ƙasa ke da tsakuwa. Muka kulle cibiyoyin gaba, kowa ya duba na ɗan'uwansa. L4, giya ta biyu, tafiya ɗaya ba canji ba tsayawa, domin taka kuloci a cikin ruwa yana shigar masa da laka. Tsohuwa ta tura ruwa a gabanta ta hau tudu. Baba ya ɗan riƙa taɓa birki har ya bushe. Da muka shiga ɗakin Kaka, duk da halin da take ciki sai da ta buɗe ido ta ce, “Mazajen nawa ne suka zo biko?” Kafin la'asar ta yi sanyi tana kan gadon asibiti an ɗaura mata ruwa. Kwananta biyar aka sallame ta, yanzu haka tana gidanmu tana faɗa a kan gishirin miya.

Asabar ɗin da ta biyo baya muka buɗe man aksil don dubawa. Na gaba garau. Na baya ya koma kamar koko da madara, ruwa ya shiga. Tiyon numfashin da mu muka ɗaura da hannunmu ne ya zame, don ba mu matse shi da kyau ba. Da ba a duba ba, da boris da haƙoran giya sun ci kansu a hankali ba wanda ya sani. Muka zubar, muka zuba sabo, muka ɗaure tiyon da maɗauri biyu.

Har yau Tsohuwa ba ta da fitila a rufi, fentinta kuma na Kakanmu ne da rana ta cinye. Masu iya magana sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Takardar zanenmu tana nan a aljihun Kawu, ya ce za a duba ta bayan an gyara birkin hannu, wanda shi ne aikin Asabar mai zuwa. Duk wanda yake son ganin yadda ake yi, ya same mu bayan an tashi ranar Juma'a mu kwatanta masa gida. Ya dai zo da tsofaffin kaya.

Daga 'yan gida ɗaya uku, SS 2 da JSS 3, Ƙungiyar 'Yan Jarida