Haƙorin Mai Juna Biyu

A ƙauyukanmu na Ɗanbatta, mai juna biyu ba ta kai kukan haƙori asibiti. Kanumfari ake danna mata, a ce ta daure sai ta sauka. Kwana bakwai yayata ta yi kuncinta a kumbure, ko kunu ya gagare ta, domin surukarta ta rantse allurar kashe zafi tana ɓarar da ciki. Da kyar na shawo kan mijinta muka tafi Asibitin Malam Aminu Kano. Likita ya ce allurar lidoken dasashi take kashewa, ba ta cutar da ɗan tayi. Ruɓar da aka ƙyale ce abin tsoro. Aka cire haƙorin, cikin yana wata 5. Ranar suna, surukar ce ta fara rangaɗa guɗa.