Abin da Na Koyo a Gonar Dawa ta Kademi

Wata shida ke nan ina zuwa filin golf na Kano, a unguwar Bompai, tun da likita ya ce in rage zaman kujera saboda hawan jini. Wasan da wasu ke kira ƙwallon lambu ramuka 18 ne, amma ni kafin na kai rami na tara bayana ya ƙage. Ƙwallon kuwa kullum sai ta karkace dama ta faɗa ciyawa. Yaron da ke ɗaukar mini jaka ya sha faɗa mini: "Yallaɓai, ƙarfi ya yi yawa, da hannu kaɗai kake dukanta." Na ɗauki maganarsa ta yara.

Da kaka na tafi gida Kademi. Na bi ta Wudil, na haye gada, na ratsa Gaya, garin da tarihi ya ce daga cikinsa maƙera Abagayawa suka tafi Dala neman tama. Na iske ana girbin dawa, na bi Kawu gona don in yi kallo.

Kawu ya haura saba'in, amma ya fi samarin cin aiki. Na zuba masa ido. Yakan buɗe ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, ya ɗan rusuna, ya riƙe ƙotar magirbi sako-sako. In zai sari kara, nauyinsa yakan koma ƙafar baya, ƙugu ya fara juyawa, kafaɗa ta biyo, hannu ya zo a ƙarshe. Idonsa ba ya barin gindin karan sai ya faɗi. Na karɓa na gwada, na ɗaga da dukkan ƙarfina, na sari ƙasa.

Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, faɗa kake yi da shi? Bar ƙarfen ya yi aikinsa, kai dai raka shi."

Kunya ta kama ni, domin maganar yaron nan ce ta dawo daga bakin tsoho. Kuskuren yawancinmu 'yan koyo ke nan: mu damƙe sanda kamar za a ƙwace, mu fizgo ta da kafaɗa tun ƙugu bai motsa ba, mu ɗaga kai don ganin inda ƙwallo za ta. Sai sandar ta yanko ƙwallon daga waje da fuska a buɗe, ta sa ta juyi zuwa dama. Ni har sabuwar sanda na saya, ina zaton laifinta ne.

Kwana uku na yi ina girbi, tafin hannuna ya yi bororo. Ranar da na koma Bompai na sassauta riƙo, na bar ƙugu ya ja gaba, na ƙare ƙirjina na kallon tuta. Ƙwallon ba ta yi nisa sosai ba, amma ta miƙe. Yaron ya dube ni ya ce, "Yallaɓai, wa ya koya maka?"