Jiran buɗe akwati

A 2008 ina aikin buga takardu a wani shago a Zariya. Mutane sukan kawo filashi ɗauke da takardun gado ko na asibiti, su bar mini amana, ga kwamfutar shago kuwa kowa na taɓa ta. Shi ya sa na koyi TrueCrypt, na gina wani akwati a cikinta wanda ba ya buɗuwa sai da kalmar sirri. Har yau ina tuna yadda manhajar kan ce a yi ta yawo da linzami a kan allo, domin ta tsinci motsin hannun da ba wanda zai iya maimaitawa ta haɗa mabuɗi da shi. Nakan zauna ina juya shi kamar mai dama fura.

Kulle babban fayil a lokacin sai da haƙuri. Fanka na ta huci, ni kuma ina addu'ar kada a ɗauke wuta. Duk lissafin AES, wato tsarin kulle bayanan, a wuyan manhaja yake. Sai a 2010 Intel ya dasa umarnin AES a cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta kanta, TrueCrypt 7.0 kuma ya fara cin moriyarsa a shekarar. Da na gwada a sabuwar kwamfutar wani abokina, aikin da nakan bari in je sallar la'asar ya ƙare kafin ruwan shayi ya tafasa.

Daga baya na gane kalmar sirrin ba ita ce mabuɗin ba. Ana cakuɗa ta da wasu lambobi na bazata, a maimaita lissafin sau 1,000 ko 2,000, abin da ya fito shi ke buɗe kan akwatin, inda ainihin mabuɗin yake ɓoye. Da injina suka ƙara ƙarfi, ɓarawo mai cankar kalmomi ma ya ƙara sauri. Shi ya sa VeraCrypt, ɗan'uwan TrueCrypt wanda Mounir Idrassi ya fara a 2013, ya kai maimaicin har sau 500,000, da gangan.

TrueCrypt ya tsaya a watan Mayun 2014, kuma na ji abin a raina. Yanzu idan na shigar da kalmata a VeraCrypt, nakan jira 'yan daƙiƙoƙi kafin akwatin ya buɗe. A cikinsu nakan tuna wata dattijuwa da ta miƙo mini filashinta a ƙulle cikin gefen zane.