Kaushin da Ba na Hunturu Ba

Mu Hausawa duk wani kaushi hunturu muke ɗora wa laifi. Amma akwai wanda ke zuwa ko da damina, bayan al'adar mace ta ɗauke, galibi tsakanin shekara 45 zuwa 55. Sinadarin estrojin ne ke ja baya, alhali shi ke taimaka wa fata ta yi maiƙo, ta riƙe ruwa. Da ya ragu sai fatar ta yi siriri, danshi ya riƙa gudu.

A jikin Innata na gani. Sabulun da ta saba da shi tun tana amarya ya koma yi mata raɗaɗi, har dangi suka fara zancen sammu. Yanzu da ruwa mai ɗumi take wanka, ta shafa man kaɗanya tun jiki bai bushe ba. Soson nan mai kaushi kuwa, ta ce sai dai mu haƙura.