Wankin randa

A ƙauyukan Magariya da Dungas, inda rijiyoyin kwarin Korama ba su da zurfi, ruwa kan zo da ɗan rairayi. Kwana kaɗan sai ya kwanta a gindin randa, bangon ciki kuma ya yi santsi. Idan na zura hannu har kafaɗa, yatsu ke gaya mini lokacin wanki ya yi, tun ido bai gani ba.

Inna ba ta yarda a sa sabulu. Yumɓu sha yake yi, in ji ta, ruwan zai ɗauki ɗanɗano. Soso kawai, a goge, a karkata randar a kwarare gindin. Ta ƙananan kafofin yumɓun ruwa ke tsattsafowa, iska ta busar, na ciki ya yi sanyi.

Masu kiwon kifin teku a akwatin gilashi ma ba sa kusantar sabulu, ba sa kuma tone rairayin ƙasan gaba ɗaya, domin ƙwayoyin halittar da ke tace ruwan a nan suke zaune. Namu rairayin, wanda randa ke zaune a kai, yayyafi kawai yake so, sai in kaji sun barbaza shi a ƙaro sabo.